Jikin Mutum da Launin Ƙasa: Yadda Masu Zanen Dresden Suka Yi Aikinsu

Wanda ya saba yawo a intanet da wayarsa, ko a Mandera yake zaune ko a tashar Bodinga, wata rana zai iya cin karo da wani irin hoton zane: mutane huɗu ko biyar tsirara a bakin tafki, jikinsu ja wur ko ruwan ɗorawa, itatuwa shuɗɗa, ƙafafu sun zarce kima a tsawo, fuska kuwa layi uku ne kawai. A ƙasan hoton a rubuta cewa yana rataye a wani babban gidan tarihi a Turai. Abu biyu ke fara zo wa Bahaushe a rai. Na farko ya kau da kai ya yi a'uziyya, domin tsiraici ba abin kallo ba ne a wurinmu. Na biyu ya ce ai ko ɗan firamare ya fi wannan iya zane. Na farkon yana nan daram, addini da tarbiyya ne suka kafa shi, ni ma a kansa nake. Na biyun ne ke buƙatar gyara, domin waɗanda suka yi wannan aiki sun iya zana mutum sak yadda yake, da gangan suka ƙi. Dalilin ƙin, da dabarun da suka bi, da kuma yadda Afirka ta shiga cikin zancen ba da saninta ba, abubuwa ne da ya kamata mu sani.

A ranar 7 ga Yunin 1905, a birnin Dresden na ƙasar Jamus, ɗalibai huɗu masu koyon tsara gine-gine suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Die Brücke, wato Gada. Su ne Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel da Karl Schmidt-Rottluff da Fritz Bleyl. Babban cikinsu shekararsa 25 a duniya. Max Pechstein da Emil Nolde sun shigo a 1906, Otto Mueller kuma a 1910. Wani tsohon shagon mahauci a unguwar leburori suka kama haya suka mayar ɗakin aiki. Salon da suka shahara da shi ne daga baya aka kira Ekisfireshinizim, a nan zan riƙa ce masa salon bayyana zuci.

Jamus ɗin da suka tashi a ciki tana canzawa da gudun da ya firgita mutanenta. A 1871 mazauna Berlin ba su wuce 826,000 ba sosai, a 1905 sun haura miliyan 2. Mutanen ƙauye sun kwararo masana'antu, iyali guda a ɗaki guda, rana ba ta leƙa tsakar gida, tarin fuka yana ta ɗibar rayuka. Daga wannan ƙunci aka sami masu kiran a gyara rayuwa: a daina cin nama, a bar giya, a fita daji a sha iska, a bar rana ta taɓa fata. A gefen Dresden ɗin ma, a Radebeul, wani mai maganin gargajiyarsu, Friedrich Eduard Bilz, ya buɗe wurin shan rana da iska a wannan shekara ta 1905. Samarin Die Brücke 'ya'yan wannan zamani ne.

Ga kuma kyamara. Tun 1839 aka san ɗaukar hoto, zuwa 1900 kuwa har mai ƙaramin ƙarfi yana iya mallakar tasa. Idan kamanni kawai ake so, na'ura ta gama aikin cikin ƙiftawar ido. To me ya rage wa mai buroshi? Amsarsu ita ce, ya zana abin da ya ji a ransa lokacin da ya kalli abu. Mu nan mun san wannan hanya ta baki. Idan maroƙi ya tsaya a dandali ya kira ɗan kokawa giwa, ko dutse, ko guguwa, babu mai cewa ƙarya yake yi don mutumin ba shi da haure. Mai ba da shaida a gaban alƙali shi ake nema ya faɗi tsawo da launin fata daidai. Mai kirari aikinsa ya sa tsigar jikinka ta tashi kamar yadda tasa ta tashi. Masu salon bayyana zuci kirari suke yi da launi, shi ya sa auna aikinsu da ma'aunin kamanni ba ya kai mutum ko'ina.

Dabararsu ta farko ta shafi lokaci. A makarantun zane na gwamnati, wanda ake zanawa yakan tsaya a wuri ɗaya sa'o'i, a dawo gobe ya sake tsayawa haka, ɗalibi yana aunawa da fensir yana gogewa yana gyarawa, har jikin ya koma tamkar gunki. Su kuwa suka ƙayyade wa kansu minti 15. Da cikar lokaci wanda ake zanawa zai sauya tsayuwa, ka gama ko ba ka gama ba. A minti 15 ba ka da sararin ƙirga yatsu ko daidaita gira. Dole hannu ya kama abin da ya fi muhimmanci: inda nauyin jiki ya sauka, yadda gadon baya ya lanƙwasa, inda kafaɗa ta karkata. Abin da muke gani kamar rashin iyawa, sau da yawa zaɓi ne na abin da za a bari da abin da za a yar, kuma wannan zaɓi ba ya samuwa sai hannu ya sha aiki.

Daga ɗaki suka fita waje. A bazarar 1909 da 1910 da 1911 sukan tafi tafkunan Moritzburg, arewa da Dresden, da 'yan mata da abokai, su yi makonni suna wanka suna wasa suna zane. Ba a tsayar da kowa, kowa yana sha'aninsa, mai zane yana bin su da takarda da gawayi. Abin lura shi ne tafkunan nan ba halittar daji ba ne. Sarakunan Saxony ne suka sa aka haƙa su tun ƙarni na 16 don kiwon kifi. Dajin da samarin suka gudu zuwa cikinsa gandun sarki ne, jirgin ƙasa kuma yana kai mutum kusa da shi.

Launi shi ne zuciyar aikin, kuma yana da ƙa'idar da kowa zai iya gwadawa a gida. Ka ƙura wa jan ƙyalle ido na kamar rabin minti, sannan ka juya ga farin bango, za ka ga inuwar kore tana shawagi a gabanka. Ido ne ya gaji da ja yake neman abokin hamayyarsa. Haka shuɗi da ruwan lemo suke, haka ruwan ɗorawa da shunayya. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Chevreul, wanda ya yi aiki a marinar masaƙar gwamnati a Paris, ya rubuta littafi a kan wannan a 1839: idan aka jera launuka biyu masu hamayya gefe da gefe, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Saboda haka idan Kirchner yana son jiki ya yi zafi a tsakiyar koren ciyawa, ba zai nemi launin fata na gaskiya ba, zai ɗauko ja ko ruwan lemo. Idan yana son inuwa a ƙarƙashin haɓa, maimakon baƙi sai ya sa kore ko shuɗi. A zanensa na masu wanka a Moritzburg, wanda ya fara a 1909 ya sake taɓawa a 1926, yanzu yana gidan Tate a Landan, jikkuna masu ruwan ɗorawa da ruwan lemo sun cika fili tsakanin kore da shuɗi, ido ba ya samun wurin hutawa, mutum sai ya ji hayaniyar wurin da zafin ranar. Sun ga irin wannan ƙarfin hali a aikin Van Gogh, wanda aka baje kolin zanensa a Dresden a ƙarshen 1905.

Sai kuma zurfi. Tun ƙarni na 15 masu zanen Turai suke wahalar sa shafaffen allo ya zama kamar taga, na kusa babba, na nesa ƙarami, launi yana dusashewa zuwa bakin sama. Waɗannan suka watsar da tagar. Sukan ɗaga iyakar ƙasa da sama can ƙoli, ko su cire ta gaba ɗaya, sai ruwa da ciyawa da mutane su taso gaba ɗaya su tsaya a fuskar ƙyalle. Layin da aka ja bayan mace da shi, shi za a ja tudu da shi, shi za a ja reshe da shi. A zanen da Schmidt-Rottluff ya yi a 1913 a Nidden, bakin tekun Baltik, mata uku ja, tudun rairayin da suke ciki shi ma ja, koren ciyawa da kaurin layi ne kawai ke raba su. A nan manufar duka take: a nuna mutum da ƙasa abu ɗaya ne, da tukunya ɗaya aka shafe su.

Kayan aikin ma sun sauya su. Fentin mai yana da kauri, yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma yana sheƙi. Kirchner da Heckel suka riƙa tsinka shi da fetur, Kirchner yana ƙara ɗan kakin zuma, sai ya gudu a kan ƙyalle da sauri kamar tawada, ya bushe da wuri, ya fito ba ƙyalli. Otto Mueller ya bi wata hanya dabam, kuma aikinsa ya fi na kowa natsuwa. Garin launi yake kwaɓawa da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, ya shafa a kan algarara, wato ƙyallen buhu mai kaushi. Algarara tana shanye ruwan, saƙarta tana leƙowa ta ƙarƙashin launi, sai zanen ya yi kama da wanda aka yi a jikin tsohon bango. Gam yana bushewa nan da nan kuma ba ya karɓar gyara sosai, don haka sai ya gama tsara komai a takarda kafin ya taɓa buhun. Launukansa kaɗan ne, kore mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan toka. Mutanensa sirara ne, gwiwa da gwiwar hannu masu kusurwa, a zaune cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, ganyen da gaɓoɓin duk tsini iri ɗaya. Shi da kansa ya nuna cewa zanen Masar ta dā ne abin koyinsa. Ya koyar a makarantar zane ta Breslau daga 1919 har rasuwarsa a 1930, kusan bai bar wannan jigo ba.

Kusurwoyin nan kuwa daga wuƙa suka samo asali. Dukkansu sun yi bugun katako: a sassaƙe allo, a bar wuraren da ake so su fito, a shafa tawada, a danna takarda a kai. Wuƙa ba ta son lanƙwasa a cikin itace, tana bin jijiyarsa ta tafi miƙe, ta tsage. Babu rabin inuwa, ko baƙi ko fari. Hannun da ya saba da haka, ko buroshi ya riƙe, yanka yake yi.

To me ya sa sai tsirara? A Jamus ta Sarki Wilhelm na Biyu tufa ita ke faɗin matsayin mutum: kakin soja, kwalar riga mai tauri ta ma'aikaci, ɗamarar ƙarfe da ƙashi da ke matse cikin mace har numfashi ya yi mata wuya. A ganin samarin nan, idan aka tuɓe wannan duka babu hafsa babu lebura, saura ɗan Adam. Turawa sun daɗe suna zana tsiraici, amma da hujjar cewa allolin Girka ne ko mutanen tatsuniya. Cézanne da Gauguin da Matisse a Faransa sun fara sassauta wannan hujja, 'yan Dresden suka yar da ita, suka zana maƙwabtansu.

A ƙasarmu tarihin tufa ya bi ta wata fuska. A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi yawa, cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa don karya ta akwai hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi. A Gobir sanya sutura ne ya zama tsayawa a gaban mai mulki. Mutanen ƙasar Bodinga, inda Shehu ya zauna a Sifawa bayan jihadi kafin ya koma Sakkwato, sun gaji wannan fahimta, cewa sutura daraja ce da Allah ya yi wa ɗan Adam, kuma abin da Annabi Adamu da Hauwa'u suka fara nema da suka ga tsiraicinsu shi ne ganyen rufe jiki. Wanda ya tashi a kan haka ba zai ga 'yanci a tuɓewa ba.

Amma abin da masu zanen suke farauta, wato mutum da ƙasa a launi ɗaya, yana nan a gabanmu kullum ba tare da an keta haddin kowa ba. Je ka fadama da rani ka dubi mai yin tubali, daga shi sai gajeren wando. Tun hantsi yake cikin kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa. Laka ta hau masa har cinya, ta bushe a dantsensa ta yi fari-fari ta tsattsage, gumi ya ratsa ta ya bar layi baƙi daga wuya zuwa cibiya. Idan ya sunkuya ya cika ma'auni, bayansa da jerin tubalan da ke shan rana da gaɓar ramin duk launinsu ɗaya, daga nesa sai ya motsa za ka san mutum ne. Haka masunta a madatsar ruwan Shagari, haka dubban da ke faɗawa kogin Matan Fada a Argungu da gora da homa. Bambancin shi ne wannan mutum abincin iyalinsa yake nema, ƙasar ta hau jikinsa ne don da ita yake aiki. 'Yan Dresden hutu suka je, da kaka ta kama su koma birni. Ina ganin shi ya sa mutanen da ke cikin zanensu ba sa noma, ba sa su, ba sa ɗaukar kaya. Zaune suke ko tsaye ko cikin ruwa, kuma a fuskokin Mueller musamman akwai wata kewa ta wanda ya san wurin ba nasa ba ne.

Kewar nan ce ta kai su ga Afirka, kuma a nan zancen ya shafe mu kai tsaye. Jamus tana mulkin Kamaru da Togo tun 1884. Gidan tarihin al'adu na Dresden cike yake da kayan da aka kwaso daga ƙasashen da aka mallake, har da tagullar Benin da ta bazu a kasuwannin Turai bayan sojojin Ingila sun wawashe birnin a 1897. Kirchner yakan je can ya kwafi sassaƙen katakon tsibirin Palau da tagullar Benin, a ɗakinsa kuma yana da kujerar sassaƙa mai siffar damisa daga Kamaru. Manyan idanu da gajerun ƙafafu da fuska mai kama da abin rufe fuska da ake gani a aikinsu bayan 1910, daga nan suka fito. A gidan namun dajin birnin ana kawo mutane daga Afirka da tsibiran tekun Pasifik a nuna su ga 'yan kallo da tikiti, shi ma yakan je ya zana su. Nolde ya bi tawagar gwamnati zuwa New Guinea a 1913, Pechstein ya tafi Palau a 1914.

Sun yaba wa masassaƙan Afirka a lokacin da yawancin Turawa ke raina su, wannan gaskiya ne. Amma Afirkar da ke kansu ƙirƙira ce: ƙasar mutanen da ba su san tufa ba, ba su san birni ba, ba su da tarihi. Alhali ɗan ƙasarsu, Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya ga marina da masaƙa, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. A 1853 ya zo Wurno da Sakkwato, ya kama hanyar Gwandu wadda ta ratsa ƙasar Bodinga da Shagari, ya tarar da malamai da littattafai. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito da Jamusanci a 1857 da 1858, kusan shekara 50 kafin a kafa Die Brücke. Labarin yana nan a harshensu. Sun ɗauki abin da ya dace da mafarkinsu suka bar sauran.

Akwai wani tabo da ya fi wannan muni. Cikin waɗanda suka riƙa zanawa tsirara a Dresden da Moritzburg har da ƙananan yara mata na gidajen talakawa, ɗaya tana da kimanin shekara tara lokacin da aka fara. An daɗe ana wuce wannan da sunan fasaha. A 2010 gidan tarihin Sprengel da ke Hannover ya yi baje koli a kan yaran, muhawara ta tashi a Jamus, kuma har yau ba ta kwanta ba. A wurina babu kyan launin da zai wanke wannan.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Sun koma Berlin a 1911, suka watse a 1913, yaƙin duniya ya zo a 1914 ya bar Kirchner da ciwon da bai rabu da shi ba. Da 'yan Nazi suka hau mulki sai suka kira aikin gurɓatacce, cikin zarginsu har da cewa ya yi kama da na baƙar fata. A 1937 suka kwashe ayyukan Kirchner 639 daga gidajen tarihi, suka baje wasu a Munich don jama'a su yi musu dariya, mutum fiye da miliyan 2 suka je kallo. A Yunin 1938 Kirchner ya kashe kansa kusa da Davos a ƙasar Suwizalan.

Salon ya zo Nijeriya daga baya, ta ƙofar da ba a zata ba. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu: Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da wasu. Ƙorafinsu ya yi kama da na 'yan Dresden, cewa malamansu Turawa suna koya musu aunawa da kwaikwayo kawai. Sai dai su ba sa buƙatar zuwa gidan tarihi su nemo Afirka. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo ya kuma zama gwanin bugu. A farkon shekarun 1960, Ulli Beier, haifaffen Jamus da ya zauna a ƙasar Yarbawa, ya nuna bugun katakon Schmidt-Rottluff a kulob ɗin Mbari na Ibadan, matasan Nijeriya suka ga yadda siffofin sassaƙar nahiyarsu suka je Turai suka dawo a takarda. A Zariya kuma Gani Odutokun, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, ya tsinka fentin mai ya bar shi yana gudu a kan ƙyalle, ya karkatar da siffar mutum yadda yake so. Abin da ya zana da wannan hanya su ne sarakuna da janar-janar, a shekarun da soja ke mulkin ƙasar.